Tambaya da Amsa: Ina Ake Karatun Kwamfutar Kwantum, Kuma Ta Wace Ƙofa Ake Shiga?

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da aka sanar da kyautar Nobel ta fiziks ta 2025, wadda aka ba John Clarke da Michel Devoret da John Martinis saboda gwajin da suka yi a jami'ar Kalifoniya ta Berkeley tun 1984 da 1985, gwajin da daga baya ya zama tushen irin injinan da Google da IBM suke ƙerawa, saƙonni suke ta shigowa wannan fili akan maganar kwantum, wato ilimin dokokin da ƙananan ƙwayoyin zarra suke bi da kuma kwamfutar da ake ƙerawa a kansu, wasu ɗalibai wasu iyaye wasu ma malamai ne. Na tsinto guda shida, na ɗan taƙaita su saboda wuri.

Malam barka da aiki. Ni ɗan aji shida ne a sakandare, bana zan zana JAMB in sha Allahu. Na kalli wani bidiyo akan kwamfutar kwantum tun ranar abin ya shiga raina, amma na duba jerin kwasa-kwasai ban ga sunansa ba. Dan Allah me zan cike? (Ɗalibi daga Funtua)

Ƙanena kar wannan ya dame ka ko kaɗan, don ko a ƙasashen da ake ƙera injin ɗin yawancin waɗanda suka gina fannin ba su yi digirin farko mai wannan sunan ba. Richard Feynman da ya fara cewa a 1981 in dai ana son a kwaikwayi yadda ƙananan ƙwayoyin zarra suke aiki toh sai an gina kwamfuta mai bin dokokinsu, masanin fiziks ne. Peter Shor wanda a 1994 ya fito da hanyar da ta tayar wa duniya hankali, lissafi ya karanta. Lov Grover da ya kawo tasa hanyar binciken a 1996, injiniyan lantarki ne. Kaga kenan ƙofa huɗu ce: fiziks, lissafi, kimiyyar kwamfuta, injiniyan lantarki. Duk wadda ka bi a ABU ko BUK ko Danfodiyo ko Umaru Musa Yar'adua da ke jiharku za ta kai ka, in ka riƙe ta da gaske.

Bari in ɗan buɗe maka abin don ka san wacce ta fi dacewa da kai. Wayar da ke hannunka komai da take yi da sifili da ɗaya take yinsa, kowane ɗan gurbi ko dai 0 ne ko 1, ba na uku. A kwantum gurbin sunansa kiyubit, shi kuma kafin a auna shi yana ɗauke da rabo na 0 da rabo na 1 a lokaci guda, kuma wannan rabon kamar igiyar ruwa yake. Ka taɓa jefa duwatsu biyu a kududdufi lokacin damina? Kowanne zai tada zobban ruwa, inda suka haɗu wani wurin ruwan ya ƙara tashi wani wurin kuma ya kwanta lif kamar ba a jefa komai ba. Toh duk dabarar kenan, a shirya lissafin yadda amsoshin banza za su kashe junansu, amsar da ake nema ta ƙara tashi, sai a auna. Masu cewa wai injin yana gwada duk amsoshi lokaci ɗaya ya zaɓo ta daidai sun sauƙaƙa abin har ya ɓaci, don da ka auna amsa ɗaya tak zaka gani, in baka iya shirya igiyoyin ba shirme zai baka.

Abin da yasa ake rububinsa shine yadda lissafin yake ninkuwa. Kiyubit 10 sai ka riƙe lambobi 1,024 kafin ka bayyana halin da suke ciki, 20 ya haura miliyan ɗaya, 30 ya haura biliyan, in aka kai 300 adadin ya fi yawan ƙwayoyin zarra da aka ƙiyasta suna cikin duk sararin da muke iya hangowa. Ba kwamfutar yau da kullum da za ta iya riƙe wannan.

Yanzu ga shawarata. In kai mai son sanin dalilin abu ne, ka cike fiziks. In kana jin daɗin zama da lissafi ɗaya awa biyu baka gaji ba, ka cike lissafi, kuma wallahi kar ka saurari masu raina shi. In hannunka na ƙaiƙayin kwance rediyo da haɗa waya, injiniyan lantarki, domin injinan nan da siginar maikurowef ake sarrafa su kuma ana neman masu wannan hannun sosai. In ka samu makarantar da ake koyar da Further Maths ka kama shi da hannu biyu, matriks da lambobin nan masu ɗauke da harafin i da ake ganin kamar ba su da amfani, su ne harshen da ake magana da shi a wannan fanni daga farko har ƙarshe.

Yaya ina wuni. Ina aji uku a jami'a ina karanta lissafi, sakamakona Alhamdulillah yana da kyau, amma kullum ana ce min ƙarshenta dai alli. Ina sha'awar kwantum sai dai sashenmu ba lab, ba malamin da yake yi, laftof ɗina ma tsohuwa ce. Akwai abin da zan iya ko in haƙura? (Ɗaliba daga Gusau)

Ƙanwata ba zancen haƙuri, ke ce ma kika fi kowa kusa da ƙofa a cikin duk waɗanda suka rubuto. Kuma riƙe alli ba abin kunya bane, amma ba shi kaɗai lissafi yake kaiwa ba.

Maganar lab ki cire ta a ranki. Injin irin na IBM da Google ana ajiye shi ne cikin wani firji mai hawa-hawa da yake rataye kamar fitilar ado ta zinare, wayoyi sun sauko ta ko'ina, can ƙasa inda ɗan guntun injin yake sanyin ya kai kusan digiri 273 ƙasa da sifili, ya fi sararin samaniya sanyi. Jami'o'i ƙalilan ne a duniya suke da irinsa a harabarsu, har a Turai mafi yawan ɗalibai ta intanet suke taɓa shi, yadda kema zaki taɓa daga Gusau. Tun watan Mayun 2016 IBM ta ɗora injinta mai kiyubit 5 a intanet don kowa ya gwada, kuma har yanzu in kika buɗe asusu suna bada wasu 'yan mintoci kyauta a wata a kan injin gaske.

Ga abin da nake so ki yi cikin wannan hutun. Ki saka Python a laftof ɗin, ki saka Qiskit, manhajar IBM ta tsara aikin kwamfutar kwantum, kyauta ne. Ki ɗauki kiyubit biyu, ki sa wa na farko ƙofar da ake kira Hadamard (ƙofa a nan na nufin umarnin da ake ba kiyubit), ki ɗaure shi da na biyu da ƙofar CNOT, ki auna sau 1,000. Layi biyar ne ko shida. A kan laftof ɗinki zaki ga sanduna biyu sun tashi, 00 wajen ɗari biyar, 11 wajen ɗari biyar, babu 01 babu 10, wato duk abin da na farko ya nuna shi na biyu zai nuna. Sannan ki tura wannan aikin dai zuwa injin gaske, ki jira layi, wani lokacin minti kaɗan wani lokacin sai kin yi sallah kin dawo. Da sakamakon ya fito zaki ga wasu 'yan gajerun sanduna sun ɓullo a 01 da 10 inda bai kamata a ga komai ba. Ranar da na fara ganin waɗannan 'yan sandunan na daɗe ina kallonsu, domin su ne duk matsalar fannin a gaban idonka, zafi kaɗan ko girgiza kaɗan ko siginar da ta kauce sai kiyubit ya rikice. Dubban masu digirin digirgir abin da suke yaƙi da shi kenan, kuma gyaran kuskuren nan aikin lissafi ne tsantsa, irin naki. Lokacin da Google ta fito da injinta Willow mai kiyubit 105 a Disambar 2024, babban abin da ta yi murna da shi shine sun nuna in aka ƙara yawan kiyubit a tsarin gyaran, kuskuren raguwa yake maimakon ƙaruwa.

Tsohuwar laftof tana iya kwaikwayon kiyubit 20 ba tare da ta yi nishi ba, wannan ya ishe ki koyo har ki yi furojet ɗinki na aji huɗu. Ki samu malamin da yake koyar da liniya aljabara ki roƙe shi ya duba miki aikin ko da shi ba fanninsa bane, ki ce zaki yi bayanin hanyar Grover ko ta Shor ki gwada ta a ƙaramin misali, kamar raba 15 zuwa 3 sau 5. Littafin da kowa yake farawa da shi shine na Michael Nielsen da Isaac Chuang da ya fito a 2000, sannan darussan John Preskill na Caltech suna nan a intanet kyauta. Akwai makarantar bazara ta Qiskit da ake yi ta intanet tun 2020, akwai kuma wata ƙungiyar sa-kai QWorld da take shirya bita kyauta ga masu farawa. Data kawai za su ci miki, ki dinga sauke bidiyon da dare lokacin da ya fi araha.

Bayan digiri da bautar ƙasa kuma, wurare uku nake so ki rubuta a bangon ɗakinki. Na farko AIMS, cibiyar lissafi ta Afirka da Neil Turok ya kafa a 2003 a Muizenberg kusa da Kef Tawun, yanzu tana da rassa a Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda, mastas ne na kusan shekara ɗaya kuma wanda aka ɗauka ba ya biyan kuɗin makaranta ko na ɗaki ko na abinci, malamai daga manyan jami'o'in duniya suke zuwa su koyar na 'yan makonni su tafi, kuma a nan ne ake samun wanda zai rubuta miki takardar shaida da za a karanta a ko'ina. Suna matuƙar neman mata. A Kigali ma suna da cibiyar bincike mai suna Quantum Leap Africa. Na biyu ICTP, cibiyar fiziks da ke Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ɗan Pakistan mai kyautar Nobel ya kafa a 1964 musamman saboda irinmu 'yan ƙasashe masu tasowa, suna da difloma ta shekara ɗaya da take shirya mutum shiga digirin digirgir, su biya jirgi su bada kuɗin kashewa, sai dai akwai ƙa'idar shekaru don haka ba a jinkiri. Na uku shirin mastas na cibiyar Perimeter da ke Waterloo a Kanada, shima kyauta ne amma gasar akwai zafi, daga duk duniya ake nema. A gida kuma akwai AUST da ke Abuja wadda aka buɗe a 2007, tana da sashen fiziks na nazari a matakin gaba da digiri.

Abu ɗaya da zan ja kunnenki a kai, sakamako. Duk waɗannan wuraren taransikirif suke fara buɗewa, su duba me kika ci a aljabara da analisis, kafin su karanta labarin sha'awarki. Kar son kwantum ya sa ki saki kwasa-kwasan ajinki. Kuma ki fara zancen da su Baba tun yanzu, ki nuna musu hotunan wurin da yadda ake zama, ba sai takarda ta fito ana saura wata ɗaya tafiya ba, ba a fafe gora ranar tafiya.

Malam ni ɗan kasuwa ne ban yi boko mai zurfi ba. Yarona ya gama digiri a fiziks ya ce shi sai wannan karatun, ni kuma ina son ya kama aiki ya yi aure. Tsakani da Allah akwai abinci a ciki? (Wani uba daga Azare)

Alhaji Allah ya ƙara girma, tambayar taka a kan hanya take kuma zan faɗa maka gaskiya yadda zan faɗa wa mahaifina. In ana maganar ya gama yau gobe ya samu ofis a Bauchi ko Kano da aka rubuta kwantum a ƙofa, toh wannan ba mu kai nan ba. Injin kansa bai gama nuna ba, har yau ba a kai ga wanda zai yi aikin da ake masa buri ba, kuma masanan kansu sun saɓa akan shekara nawa ya rage. A 2019 Google ta ce injinta mai kiyubit 53 ya yi cikin daƙiƙa 200 abin da zai ɗauki babbar kwamfuta shekara 10,000, IBM ta fito ta ce a'a kwana biyu da rabi ya isa, kaga ko manyan ma jayayya suke.

Amma ga ɗaya gefen. Gwamnatoci ba sa zuba kuɗi a banza, Tarayyar Turai ta ware Yuro biliyan 1 na shekara goma tun 2018, Amurka ta yi doka a ƙarshen 2018 da ta ware sama da Dala biliyan 1, Birtaniya ta sanar da Fam biliyan 2.5 a 2023, Sin da Indiya kowa da nasa shirin. Kuɗin nan da yawansu albashin masu bincike ne. Kuma abin da mutane ba su sani ba, a Holan da Jamus da Suwizalan da Denmak mai yin digirin digirgir a irin wannan fanni ma'aikaci ne, albashi ake biyansa duk wata, ba shi yake biya ba. Don haka sharaɗin da zaka kafa masa ɗaya ne Alhaji, kar a sayar da gona ko shago saboda wannan karatun, ya nemo inda za a ɗauki nauyinsa, in ya samu ka sa masa albarka. Kafin nan ya kama koyarwa ko wani aiki yana nema yana shiri, ɗaya ba ya hana ɗaya, auren ma haka. Ko da a ƙarshe bai zauna a fannin ba, wanda ya iya wannan lissafin da rubuta manhaja bankuna da kamfanonin sadarwa suna nemansa. Hanyar Shor da na ambata a sama in injin ya girma za ta iya fasa irin makullin da yake tsare kuɗin mutane a banki da saƙonnin waya, shi yasa a watan Agustan 2024 hukumar NIST ta Amurka ta fitar da sababbin makullai guda uku da aka yi don su jure wa injin, kuma duk wani banki a duniya har namu sai ya canza zuwa irinsu a hankali. Masu canza makullin nan dole a same su a gida.

Ina hwatan kuna lahiya. Na ƙare lisans na fizik a Maradi, da Faransanci munka yi karatu, Turancina kaɗan ne. Mu ina tamu hanya? (Ɗan'uwa daga Maradi)

Lafiya lau ɗan'uwa, a gaida mutanen Katsinar Maradi. Faransanci ba cikas bane, manyan fannin da yawa da shi suke magana. Alain Aspect da ya samu Nobel a 2022 tare da John Clauser da Anton Zeilinger Bafaranshe ne, Michel Devoret na 2025 shima haka, Gilles Brassard wanda shi da Charles Bennett suka fito da hanyar aika saƙon sirri ta kwantum a 1984 yana jami'ar Montreal. Faransa ta sanar da shirin Yuro biliyan 1.8 a 2021, kuma kamfanoni irin Pasqal da Quandela da Alice & Bob duk a yankin Paris suke. Sai dai ka fi ni sanin yadda dangantakar Nijar da Faransa ta yi tsami tun 2023 har ofishin jakadancinsu na Yamai ya rufe, don haka kar ka rataya duk burinka a can. Ka duba jami'ar Sherbrooke a yankin Kebek na Kanada, da Faransanci ake karatu kuma suna da cibiyar kwantum mai ƙarfi, ka duba jami'ar EPFL a Lausanne ta Suwizalan, ka duba Beljiyam. Mafi kusa kuma AIMS ta Senegal da ke Mbour da ta Kamaru da ke Limbe. In hali bai yi ba bana, ka yi mastar ɗinka a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ka ƙara ƙarfi a lissafi kana nema.

Turancin dai ba makawa sai ka koya, don kusan duk takardun bincike da shi ake rubutawa, ana ɗora su kyauta a wani rumbu da ake kira arXiv kullum. Amma Turancin kimiyya ya fi na hira sauƙi ga mai Faransanci, rabin kalmomin kusan iri ɗaya ne, wata shida na naci zaka ga kana karantawa.

Ranka ya daɗe, ni lakcara ne a wata kwalejin ilimi, ina da mastas a fiziks. Na tura wa farfesoshi sama da talatin imel ina neman gurbin PhD ba wanda ya amsa. Ina kuskuren yake? (Malami daga Yola)

Malam naka ya daɗe. Ban ga wasiƙar ba amma na ga irinta da yawa, kuma kusan duk cuta ɗaya ce, wasiƙa guda ake rubutawa a canza suna a watsa wa mutum talatin, ta fara da kirari sakin layi biyu, ta ce ina da sha'awar kwantum tun ina yaro, ta ƙare da roƙo. Farfesan da yake samun irin wannan goma a rana daga layin farko yake ganewa.

Kwantum ba fanni ɗaya bane, sai ka fara zaɓar layinka. Akwai masu ƙera kiyubit da waya mai sanyi irin na IBM da Google, akwai masu kama ƙwayar zarra mai caji su rataye ta da lantarki suna harbinta da leza kamar yadda ake yi a Oxford da Innsbruck ta Ostiriya, akwai masu aiki da haske kamar rukunin Pan Jianwei a Hefei ta Sin waɗanda suka harba tauraron Micius a 2016, akwai masu nazarin hanyoyin lissafi da ba sa taɓa ko sukurudireba. Kai da kake Yola ba tare da lab ba, ɓangaren nazari da kwaikwayo a kwamfuta shine inda zaka iya nuna aiki tun daga gida. Ka zaɓi mutum biyar kacal. Ka karanta takarda ɗaya ta kowannensu ta kwanan nan har ka gane, ka yi ƙoƙarin sake fito da hoto ɗaya na cikin takardar da kwamfutarka ko da ƙaramin misali ne, ka ɗora a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja suke ajiye aikinsu. Sannan ka rubuta layi takwas ko goma, ga ni, ga abin da na karanta, na karanta takardarka kaza na sake gwada kaza ga abin da na samu ga inda na maƙale, shin kana ɗaukar ɗalibi bana. Irin wannan ko ba shi da gurbi yakan amsa, wani lokacin ma ya tura ka wurin abokinsa.

Sannan ba ko'ina ake bi ta farfesa ba. A Holan da Jamus da ƙasashen arewacin Turai tallar gurbin ake yi kamar aikin gwamnati, ka dinga leƙa shafin cibiyar QuTech da ke Delft ta Holan wadda aka kafa a 2014, da na jami'o'in Munich, da na cibiyar Niels Bohr a Kopenhagen. A Kanada akwai cibiyar kwantum ta IQC a jami'ar Waterloo da aka buɗe a 2002 da tallafin Mike Lazaridis ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin BlackBerry, a Singafo akwai irinta mai suna CQT tun 2007, waɗannan ta fom ake nema. Kar kuma ka raina Afirka ta Kudu, jami'ar Wits ta Johannesbag ita ce ta farko a Afirka da ta shiga haɗin gwiwar kwantum na IBM a 2019, Andrew Forbes yana can yana aiki da haske, Francesco Petruccione kuma da ya daɗe a Durban yanzu yana Stellenbosch. Kuɗin rayuwa ya fi sauƙi, gida ya fi kusa, ga iyali. Ta fuskar tallafi ka duba DAAD ta Jamus da Commonwealth, kuma tunda kai ma'aikacin babbar makarantar gwamnati ne ka je ofishin da yake kula da harkar TETFund a makarantarku ka ji tsarin da ake kai yanzu, don yana canzawa.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, ƙasashe suna ɗaukar fannin nan a matsayin harkar tsaro. In Ingila ce sai ka nemi wata takardar izini da ake kira ATAS kafin biza, kuma tana ɗaukar makonni, wasu dakunan binciken ma a wasu ƙasashen ba sa ɗaukar baƙo sam. In aka ce maka a'a wani lokacin ba laifin takardunka bane, ka wuce na gaba. Ka tanadi fasfo da taransikirif da jarabawar Turanci ta IELTS tun kafin a buɗe nema, taransikirif musamman, kowa ya san yadda yake cin lokaci.

Malam wani ya zo unguwarmu da wata na'ura wai kwantum ce, ka riƙe wani ƙarfe a tafin hannu ta faɗi duk ciwon da ke jikinka, sannan ya sayar maka da magani. Ita ce wadda kuke magana? (Uwargida daga Zariya)

Hajiya ba ita bace, ko kusa ba su haɗa hanya ba, sunan kawai aka ara don ya yi kwarjini. Ba wata na'ura da zaki riƙe minti ɗaya ta gano ciwon ƙoda da hanta da suga ba tare da an ɗebi jini ko an yi hoto ba, kuma abin da yake ban tsoro shine mai ciwon gaske ya saki maganin asibiti ya kama nasu. Dan Allah in akwai abin da yake damunki ki je asibiti a auna ki. Haka masu turo saƙo a WhatsApp wai ki zuba kuɗi kwamfutar kwantum za ta juya miki su ninku cikin sati, da masu sayar da satifiket na kwana uku da kuɗi masu yawa suna cewa daga nan sai aiki a waje, duk ki gaya wa yaran gida su kiyaye, abin da suke sayarwa in ma na gaske ne yana nan kyauta a wuraren da na lissafa wa ƙanwarmu ta Gusau.

Wanda ya aiko tambaya akan bambancin wannan da fasahar AI, da mai tambaya akan karatu a Saudiyya da Daular Larabawa, na ga saƙonku, wuri ne ya ƙare, da su zamu fara a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.